Darasi na Bakwai: Doguwar Addu'a da Gidan Gwauruwa

Kafin mu shiga darasin yau, a sami mutum ɗaya a aji ya karanta mana Markus sura 12 daga aya 38, kada ya tsaya sai ya kai sura 13 aya 2. Ya karanta da murya, a tsanake, kuma kada ya huta a inda lambar sura ta canza. Akwai dalilin da ya sa na ce haka, za mu zo gare shi.

Abin da kuka ji ya faru ne a Haikali na Urushalima, 'yan kwanaki kafin Idin Ƙetarewa, a makon da aka gicciye Yesu. Gari ya cika maƙil da baƙi masu zuwa idi. Yesu yana koyarwa, taro mai yawa yana sauraronsa da daɗi, sai ya ja musu kunne a kan malaman Attaura. Ya faɗi abubuwan da ransu yake so: yawo cikin manyan riguna, a durƙusa a gaishe su a kasuwa, kujerar gaba a majami'a, mazaunin manya a gidan biki. Da ya tsaya nan, da sai mu ce son girma ne kawai, cutar da kowa ke da ɗan rabonsa a ciki. Amma bai tsaya ba. Ya ce mutanen nan suna lamushe gidajen gwauraye, sannan su lulluɓe aikin da addu'a mai tsawo. Ya kuma ce hukuncinsu zai fi na saura nauyi.

Mai alƙalami da mai yatsa

Malamin Attaura ba mai wa'azi ba ne kawai. A zamanin da masu karatu ba su da yawa, shi ne masanin doka, shi ke rubuta takardar aure da ta saki da ta bashi, shi ake tambaya idan rigimar gado ta tashi. Addini da shari'a a littafi ɗaya suke, littafin kuma a hannunsa yake. Wanda bai iya karatu ba, abin da malam ya ce takarda ta faɗa shi ne abin da ta faɗa.

Kada mu yi musu kuɗin goro. A wannan sura ta 12, 'yan ayoyi kaɗan kafin gargaɗin, wani malamin Attaura ya tambayi Yesu umarnin da ya fi kowane girma, suka yi magana ta fahimta, har Yesu ya shaida masa cewa ba ya nesa da Mulkin Allah. Yesu kansa Bayahude ne, jama'ar da ke sauraronsa Yahudawa ne, gwauruwar da za mu gani Bayahudiya ce. Duk wanda ya ɗauki wannan nassi ya yi jifa da shi ga wata ƙabila ko wani addini ya ɓata karatunsa. Hali ake magana a kai, kuma halin nan yana iya sa rigar kowace ɗarika.

Ita kuma gwauruwa fa? A bakinmu na yau da kullum, gwauruwa tana iya zama kowace mace da ba ta da miji, ana kuma cewa bazawara ga wadda ta taɓa aure. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yana nufin matar da mijinta ya rasu, kuma da wannan ma'ana za mu riƙe kalmar a nan.

Ku duba Littafin Ƙidaya sura 27, aya 8 zuwa 11, inda aka jera magada. 'Ya'ya maza ne farko. In babu, 'ya'ya mata. In babu, 'yan'uwan mamaci maza, sai baffanninsa, sai dangi mafi kusa. Sunan matarsa bai fito ba. Abin da ke tsaye mata shi ne alkawarin da aka rubuta a takardar aurenta, da haƙƙin ci da zama daga dukiyar da mijin ya bari. Wato rayuwarta duka tana rataye a kan takarda, ita kuwa galibi ba ta iya karanta takardar ba. Wa za ta nufa? Malamin Attaura. Masu nazari sun kawo hanyoyin da irin wannan malami zai iya bi ya cuce ta. Yana iya zama wakilin dukiyar marigayi ya riƙa yanka wa kansa. Yana iya karɓar gidan jingina a kan bashin da ya san ba za ta iya biya ba. Yana iya mai da gidanta masaukinsa, yau tuwo gobe kaza, har rumbu ya ƙare. Yana iya karɓar lada don ya yi mata addu'a. Duk hanyar da ya bi, ƙofar shigarsa ɗaya ce, wato yardar da ta yi masa domin shi mutumin Allah ne.

Shi ya sa doguwar addu'a ba laifi ne na biyu da aka ɗora a gefe ba. Ita ce makamin. Ɓarawon da ya haura katanga, ana iya yi masa ihu maƙwabta su fito. Wanda ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, ya ɗaga hannu ya ambaci sunan Allah har matar gida ta yi hawaye, wa zai yi wa ihu? Ko ita kanta sai ta ji kamar saɓo ne ta zarge shi. Kalmar Helenanci da Markus ya yi amfani da ita a nan tana nufin abin da mutum ke fakewa da shi, daidai da abin da Bahaushe ke kira fakewa da guzuma a harbi karsana. Ita ma kalmar da aka fassara mana da munafuki, wadda Yesu ya yi ta maimaitawa a Matiyu sura 23, asalinta sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, mai fitowa gaban taro da fuskar aro. Mu kuma mun ce Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Ba su rasa sani ba

Abin da ya ƙara wa laifin muni shi ne littafin da suke kwafa da hannunsu kullum cike yake da maganar gwauruwa. A Fitowa 22, aya 22 zuwa 24, Allah ya ce idan aka zalunci gwauruwa ko maraya suka yi kuka gare shi, zai ji, kuma matan azzaluman su ma za su zama gwauraye. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana karɓar tufar gwauruwa jingina. Ta kuma ce manomin da ya manta dami a gona kada ya koma ɗauka, mai kaɗe zaitun kada ya bi rassan karo na biyu, mai tsinkar inabi ya bar kala, domin rabon baƙo da maraya da gwauruwa ne. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi a Baitalami, daga gonar sha'ir ta Bo'aza. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ce zakkar shekara ta uku a tara ta a cikin gari, gwauraye na cikin masu cin ta. Ku lura da wannan da kyau: a tsarin Attaura, gwauruwa tana cikin waɗanda zakka ke zuwa wurinsu.

Annabawa ma ba su yi shiru ba. Ishaya ya tsawata wa shugabannin da ƙarar gwauruwa ba ta isa gabansu saboda son cin hanci, a sura 10 kuma ya yi kaito ga masu rubuta dokokin zalunci don su mai da gwauraye ganima. Malakai ya sa mai zaluntar gwauruwa a layi ɗaya da matsafi da mazinaci da mai rantsuwar ƙarya. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan kashedi a kan cin dukiyar maraya, yana cikin Suratun Nisa'i.

Anini biyu

Yanzu mu koma Haikali. Da Yesu ya gama gargaɗin, sai ya zauna daura da inda ake zuba baiko, yana kallon masu zuwa. Littafin Mishna na Yahudawa ya ce akwatuna 13 ne, bakinsu kamar ƙaho. Kuɗin zamanin duk na ƙarfe ne, saboda haka mai zuba da yawa ba sai ya yi shela ba, ƙarar kuɗin ta isa. Attajirai suka zo suka zuba. Sai ga wata gwauruwa matalauciya, ta saka 'yan tagulla biyu, mafi ƙanƙantar kuɗin da ke yawo a ƙasar. Dattawan da ke ajin nan za su tuna anini, ɗan kuɗin nan mai huda a tsakiya na zamanin Turawa, wanda sai an haɗa goma ake samun kobo ɗaya. To irinsa ne.

Mu yi ɗan lissafi. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda, kamar yadda Matiyu sura 20 ta nuna. Tagullan nan biyu a haɗe kashi ɗaya ne cikin 64 na dinari. Idan muka ƙaddara lebura yana samun naira 6,400 a yini, abin da matar ta saka naira 100 ke nan. Yesu ya kira almajiransa ya gaya musu ta fi kowa bayarwa, domin sauran daga rarar da ke hannunsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta ci ne gaba ɗaya.

Yawancinmu mun saba jin labarin nan ranar da ake tara kuɗin gini ko ranar godiyar kaka. Ana ɗaga matar a matsayin abin koyi, kuma ta cancanci a ɗaga ta. Guda biyu ne a hannunta, tana iya saka ɗaya ta riƙe ɗaya, ba wanda zai ga laifinta. Ta ba da duka. Cikin taron dubban mutane ita ce Yesu ya gani.

Amma ga dalilin da ya sa na ce a karanta ba tare da hutawa ba. Markus da Luka, waɗanda dukansu suka kawo labarin nan, ba su rubuta da sura da aya ba. An raba surori ne a ƙarni na 13, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya fito da su a 1551. A Luka, rabon ya faɗa daidai tsakanin labaran nan biyu: gargaɗin ya rufe sura 20, gwauruwar ta buɗe sura 21. Mai karanta sura ɗaya a rana sai ya kwana tsakaninsu, ya tashi ya manta maganar jiya. In kuwa an karanta a jere, abin da ake ji daban ne. Yanzu-yanzu Yesu ya ce akwai masu cinye gidajen gwauraye, kafin bakinsa ya huce ga gwauruwa da ba ta da komai sai anini biyu. Dole mai sauraro ya tambaya: ina gidanta? Ina zakkar shekara ta uku? A birnin da ya fi ko'ina masana Attaura, yaya aka yi mace ta kai ga haka? A 1982 wani malamin Littafi Mai Tsarki, Addison Wright, ya yi rubutu yana cewa maganar Yesu a nan ta fi kama da juyayi bisa ga yabo.

Ni a ganina duka biyun suna ciki. Yana girmama ta, yana kuma baƙin cikin tsarin da ya karɓi abincin bakinta bai tambayi me za ta ci da dare ba. Ku duba da kanku, a nan Yesu bai ce wa kowa ya je ya yi haka ba, alhali ya faɗi irin wannan umarni a ƙarshen labarin Basamariye mai tausayi. A Markus sura 7 ma ya riga ya ƙi dabarar da ake kira korban, inda mutum zai ce abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya keɓe wa Allah. Bulus kuma ya gaya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a kan tilas ba, kuma ba don wasu su huta wasu su shiga matsi ba. Saboda haka duk mai wa'azin da ya ɗauki labarin matar nan ya matsa wa gwauruwa ta kawo kuɗin makarantar 'ya'yanta, ya sani a kujerar malamin Attaura ya zauna.

Ayoyi biyu na farkon Markus sura 13 su ne suka rufe zancen. Suna fita, wani almajiri ya nuna wa Yesu girman duwatsun ginin, wanda sarki Hirudus ya fara sabuntawa wajen shekara 20 kafin haihuwar Almasihu. Yesu ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. A shekara ta 70, sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikalin suka rushe shi.

Abin da ikkilisiyar farko ta yi

Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima a kan gwauraye ce. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ce masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai amintattu, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, alamar an ba ɓangaren da ya yi kuka amanar gyaran. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura 5, ta nuna har rajista ake da ita, ta kuma ɗora nauyin farko a kan 'ya'ya da jikoki da dangi, ta ce wanda ya ƙi kula da nasa ya fi marar bangaskiya muni. Wajen shekara ta 251, Karniliyus bishof na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Yakubu kuwa, a ƙarshen surarsa ta farko, da ya zo bayyana addinin da Allah ke karɓa, da kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu ya fara.

A gidajenmu

Na taɓa zama a wani gidan makoki, kwana uku bayan an binne maigidan. An naɗe tabarmin 'yan gaisuwa, kwanukan da maƙwabta suka kawo abinci suna jere a bakin ƙofa ba a wanke ba. Matar tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, ƙaramin ɗanta yana barci a cinyarta. Ƙanen marigayi ya shigo tare da wani dattijo da kowa ke ganin girmansa a wurin ibada. Dattijon ya buɗe da addu'a. Ya daɗe yana yi, ya ambaci Uban marayu da mai kāre gwauraye, mata suna ta share hawaye da bakin zane. Da aka ce amin, sai ya zaro takarda daga aljihu. Ya ce, "'Yata, ki kwantar da hankalinki. Injin niƙan nan da takardar fili za a ajiye ne a wurin baffan yara har su girma. Ki dangwala nan." Ta ce, "Baba, duk yadda kuka yi daidai ne." Aka shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala. Kafin shekara ta zagayo an sayar da filin, injin kuma yana niƙa a wani ƙauye.

Ina wurin. Na iya karatu. Ban ce a ba ni takardar in gani ba, domin na ji nauyin furfurarsa da addu'ar da ya gama yi. Har yau abin yana damuna.

Irin wannan ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai cewa gwauruwa ta shuka iri da kuɗin sallamar mijinta don ƙofofi su buɗe mata. Akwai mai sayar mata da mai ko ruwa a kwalba. Akwai mai cewa an nuna masa cikin wahayi ita ce mayyar da ta cinye mijin, dangi kuma su sami hujjar korarta daga ɗaki. Akwai mai zuwa ta'aziyya da dare da wata manufa. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, ikkilisiyoyi irin su EYN a Borno da Adamawa sun cika da matan da aka kashe wa maza, kuma mutane da yawa sun yi musu hidima ta gaskiya da guminsu. Wannan ne ya sa ya zama abin takaici ƙwarai idan wani ya jera gwauraye ya ɗauki hotonsu da buhun shinkafa, ya nemi taimako da sunansu, abin da ya shigo kuma bai isa hannunsu ba.

Ya kamata ku san doka ma tana da abin faɗa. A 2014, a shari'ar Anekwe da Nweke, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yi watsi da wata al'ada ta Awka da ke hana gwauruwa gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. A 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda ta mai da gallaza wa gwauruwa da sunan al'ada laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun. Dokar ta fara aiki ne a Abuja, jihohi kuma suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Yuni ta zama ranar gwauraye. Amma kotu tana da nisa, kuma ranar da za a kawo takarda gidan makoki ba alƙali a wurin. Waɗanda ke wurin su ne dangi, da dattawa, da matan Zumunta, da ku.

Kun shigo ajin nan ne don ku iya karatu da rubutu da lissafi, kuma ba da daɗewa ba za a fara kawo muku takardu. Maƙwabciya za ta miƙo wayarta ta ce, "Yaya, duba min nawa ya shigo." Wata za ta ce ku raka ta ofishin fansho, wata ta ba ku lambar sirrin katinta ta ce ku ciro mata. Ranar nan abin da ke hannun malamin Attaura ya shigo hannunku, ita kuma ba ta da hanyar sanin ko abin da kuka karanta mata shi ne abin da ke rubuce.

Aikin wannan mako

Ku rabu uku-uku, ku karanta Luka 18, aya 1 zuwa 8, labarin gwauruwar da ta hana alƙali sakat har ya bi mata haƙƙinta, sannan 2 Sarakuna 4, aya 1 zuwa 7, inda mai bin bashi ya zo kwashe 'ya'yan wata gwauruwa biyu. Ku tattauna abin da Elisha ya tambaye ta, da abin da ya ce ta yi da kuɗin man bayan ta sayar.

Kowa kuma ya rubuta a littafinsa, da hannunsa, kalmomin da zai faɗa cikin ladabi idan dattijo ya miƙa wa gwauruwa takarda a gabansa kafin a karanta mata. Jimla biyu ko uku sun isa. Ku zo da su mako mai zuwa, za mu gwada faɗarsu da baki a aji, mutum ɗaya ya zama dattijon, ɗaya ya zama matar, ɗaya ya zama ku.